Tarakta da Lauje: Mutanen da Suka Raya Noma a Ƙasar Gadarif ta Sudan

1.0 Gabatarwa

Ummu Rakuba ƙauye ne a Jihar Gadarif, gabashin ƙasar Sudan, kusa da garin Doka wanda yake kan hanyar da ta nufi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Mafi yawan waɗanda suka taɓa jin sunan wannan wuri sun ji shi ne a watan Nuwamba na shekarar 2020, lokacin da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a can domin mutanen da suka tsero daga yaƙin Tigirai. Amma ƙauyen yana cikin ɗaya daga cikin manyan yankunan noman damina na Afirka, yankin da mutanen Sudan suke kira rumbun ƙasarsu saboda yawan dawa da riɗin da yake bayarwa.

A Larabcin Sudan, kalmar "rakuba" tana nufin rumfar kara ko ta ciyawa, "ummu" kuwa uwa ke nan. Idan za a mayar da sunan zuwa Hausa, sai a ce "Mai Rumfa". Sunan ya dace da tarihin yankin, domin rumfa ita ce abin da baƙo yake fara kafawa idan ya sauka a daji, kafin ya yi ɗaki, kafin ɗakuna su zama gari.

A duk lokacin da ake maganar bunƙasar noma a Gadarif, tarakta da masu manyan gandaye ake fara ambata. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa kafin tarakta ta zo, da kuma bayan zuwanta, hannun baƙi ne ya sare dajin, ya cire ciyawa, ya yi girbi. Daga cikin waɗannan baƙi akwai Hausawa da Fulani da Barebari da suka taso da niyyar aikin Hajji, da mutanen Darfur da Wadai, da 'yan gudun hijira na Iritiriya da Habasha. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da kowa ya kawo, da kuma abin da ya samu.

2.0 Yanayin Ƙasar Gadarif

Birnin Gadarif yana da nisan kusan kilomita 410 daga Hartum, babban birnin Sudan. Ƙasar da ta kewaye shi shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai danƙo, irin wadda Barebari suke kira firgi a yankin Tafkin Chadi. Da rani takan bushe ta tsattsage, har ƙafar dabba ta iya faɗawa cikin tsagar. Da damina kuwa takan sha ruwa ta kumbura, ta zama taɓo mai riƙe ƙafa da tayar mota. Ruwan sama yana sauka ne daga watan Yuni zuwa Oktoba, kuma yana ƙaruwa yayin da aka nufi kudu wajen Doka da Gallabat. A birnin Gadarif kansa yakan kai kimanin milimita 600 a shekara.

Wannan ƙasa tana da albarka ga dawa da riɗi, amma tana da matsaloli guda biyu waɗanda suka daɗe suna hana mutane zama a cikinta. Ta farko ita ce nauyin lakar, domin fartanya ba ta cin ta da sauƙi. Saboda haka manoman gargajiya suka dogara da wata sandar shuka da suke kira "salluka", mai yin aikin sungumi, da kuma wata dabara da ake kira "harik", wato a bar tsohuwar ciyawa har sabuwa ta tsiro da ruwan farko, sannan a cinna wuta ta cinye su gaba ɗaya, a yi shuka a cikin tokar. Matsala ta biyu ita ce ƙarancin ruwan sha da rani, domin rijiya ba ta cika ba da ruwa a cikin wannan laka ba. Don haka garuruwa suka taru a bakin kogunan Atbara da Satit da Rahad, da gindin duwatsu, da inda aka haƙa tafki, wanda Larabawan wurin suke kira "hafir". Ke nan ƙasar noma ba ta taɓa yin ƙaranci a Gadarif ta dā ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ruwa da mutane.

3.0 Makiyaya da Takarir Kafin Ƙarni na 20

Tun kafin Turkawa da Misirawa su ci Sudan a shekarun 1820 zuwa 1821, Larabawa makiyaya ne suke da iko da wannan fili. A arewa akwai Shukuriyya masu raƙuma, ƙarƙashin gidan Abu Sin, a gabas kuma akwai Dabaniyya. Shugaban Shukuriyya, Shaihu Ahmad Abu Sin, ya yi ƙarfi sosai a zamanin Turkawa, kuma kasuwar da ta zama birnin Gadarif an daɗe ana kiran ta Suk Abu Sin, wato Kasuwar Abu Sin. Waɗannan makiyaya suna noman dawa, galibi ta hannun bayi da talakawansu, amma zuciyarsu tana ga dabba.

Mutanen da suka fara yin suna da noma a kudancin yankin su ne waɗanda ake kira Takarir. Asalin kalmar daga Takrur ne, wata tsohuwar daula ta bakin Kogin Sanagal, amma Larabawan gabas suka riƙa kiran duk wani baƙar fata Musulmi da ya fito daga yamma da wannan suna. Daga nan ne Hausa ta sami kalmar "takari". Takarir ɗin Gallabat mafi yawansu daga Darfur da Wadai suke, tare da wasu daga Barno da ƙasar Hausa, alhazai ne da suka tsaya a hanya ko suka yada zango a kan hanyar komawa gida. Baturen nan matafiyi ɗan Ingila, Samuel Baker, ya ratsa Gallabat a 1862, ya kuma bayyana su da cewa mutane ne masu himma, masu noman auduga da hatsi, waɗanda suke da nasu shugaba. Audugarsu ita ake kai wa kasuwar Matamma, 'yan kasuwar Habasha su saya.

Yaƙe-yaƙen Mahadi sun rushe wannan tsari. Shugaban Takarir na Gallabat, Salihu Shanga, ya ƙi bin Mahadi, ya haɗa kai da Habashawa. Yankin ya zama sansanin mayaƙa, kuma a nan aka gwabza yaƙin watan Maris 1889 wanda Sarkin Habasha Yohannes na IV ya rasa ransa a cikinsa. A daidai wannan lokaci aka yi mummunar yunwa ta shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan suke kira "Sanat Sitta", wato shekara ta shida. Lokacin da sojojin Ingila da Masar suka kama Gadarif a watan Satumba 1898, sun tarar da ƙasa mai faɗi wadda gonakinta suka koma daji.

Sababbin masu mulki sun fara cike gurbin ne da ragowar mayaƙan Mahadi 'yan asalin yamma, waɗanda suka ajiye makamai suka kama noma. An naɗa Bakar Mustafa, mutumin Darfur, ya zama "nazir", wato babban hakimi, na kudancin Gadarif, har aka riƙa kiran yankin Dar Bakar. Ɗansa Abdullahi Bakar ya gaje shi. Muhimmancin wannan gida ga tarihin noma shi ne, a hannunsu da na dagatansu baƙo yake samun izinin saran daji, kuma da yake su ma daga yamma suka fito, ƙofarsu ta kasance a buɗe ga mutanen yamma.

4.0 Daga Burmi Zuwa Bakin Rahad

Hanyar Hajji ta ƙasa daga ƙasar Hausa tsohuwa ce. Takan bi ta Barno da Bagarmi da Wadai, ta shiga Darfur da Kurdufan, ta ƙetare Kogin Nilu, sannan ta kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, kuma mai tafiya ba ya ɗaukar guzurin da zai kai shi. Yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ya tara abin da ya samu, ya ƙara gaba. Da yawa sun yi aure a hanya, sun haifi 'ya'ya, zango ya zama gida.

Abin da ya mayar da wannan tafiya ta zama ƙaura ta dubban jama'a shi ne zuwan Turawa. Bayan faɗuwar Kano a Fabrairu 1903 da Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na I ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka isa garin Shaihu Talha a bakin Kogin Nilu Shuɗi a 1906. Daga baya suka kafa garinsu a ɗaya gaɓar, kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira Maiwurno, kuma zuriyarsa suke riƙe da sarautarsa.

Gwamnatin Turawa ta Sudan ta karɓe su, duk da cewa 'yan'uwanta ne suka yaƙe su a Nijeriya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaƙi da yunwa sun rage jama'a, an hana cinikin bayi, ga shi kuma ana shirin manyan ayyuka masu bukatar hannu. An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, a wannan shekara kuma aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira. Jirgin ƙasa ya isa Gadarif daga Kasala a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. A duk waɗannan wurare an sami mutanen yamma suna haƙa, suna dako, suna tsinkar auduga. A Sudan ana haɗa su duka a kira su "Fallata", sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi, ko da mutum Bahaushe ne ko Babarbare.

Daga Maiwurno da Jazira ne jama'a suka riƙa gangarowa gabas suna kafa ƙauyuka a bakin Kogin Rahad, wajen Hawata da Mafaza, da kewayen Kala'an Nahal, da bakin Atbara da Satit, da kuma unguwanni a cikin birnin Gadarif. Abin da suka kawo ya wuce ƙarfin damtse. Sun zo da sanin noman tudu na gero da dawa da gyaɗa da wake, da sanin noman fadama. Gaɓar kogi da ruwa yake janyewa ya bari, wadda Larabawa suke kira "jarf", ta zama lambunan albasa da kuɓewa da tumatir da kabewa a hannunsu. Haka kuma sun yi fice a su, da fawa, da ƙananan sana'o'i, ga kuma makarantun allo da suka kafa duk inda suka sauka. Wani abin lura shi ne, a ƙauyen Bahaushe noma shi ne sana'a ta farko, ba abin da ake yi a gefen kiwo ba. Wannan ne ya sa ƙauyukansu suka zauna daram a wuraren da dā sai makiyayi ya ratsa ya wuce.

5.0 Zuwan Tarakta

An fara noman inji a yankin ne a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a shekarun 1944 zuwa 1945, a wani wuri da ake kira Gadambaliya, yamma da birnin Gadarif. Manufar gwamnati ita ce samar da dawa domin ciyar da sojojin Ingila da suke gabashin Afirka. Tsakanin 1945 da 1953 abin da ake nomawa bai wuce kimanin hekta 6,000 a shekara ba. Gwamnati ce take yin huɗa da shuka da injinanta, manoma su yi sauran aikin, a raba amfani. Tsarin ya ci kuɗi fiye da abin da yake kawowa, sai a 1954 gwamnati ta fara miƙa shi ga masu jari.

A nan ne sabon rukuni na mutane ya shigo tarihin. Ma'aunin gona a Sudan shi ne "fadan", wanda yake murabba'in mita 4,200, wato ya ɗan ɗara eka ɗaya. Aka yanka daji gida-gida, kowane gandu fadan 1,000, daga baya aka mayar da shi 1,500, ana bayar da shi haya a kan kuɗi kaɗan. Amma sai wanda yake da halin sayen tarakta da biyan 'yan ƙwadago ake ba. Saboda haka gandayen suka faɗa hannun 'yan kasuwar birni, mafi yawansu 'yan asalin bakin Nilu na arewa, da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja da iyalan sarakuna. Da yawansu ba sa kwana a gona. Wakili suke sawa, su kuwa suna Gadarif ko Hartum. Bankin Manoma na Sudan, wanda ya fara aiki a 1959, shi yake ba su rance. A 1968 aka kafa Hukumar Noman Inji da tallafin Bankin Duniya, ta buɗe sababbin gandaye a Samsam, kudu da Gadarif, sannan a Ummu Sinat. A wannan shekara ƙasar da ake nomawa da inji a faɗin Sudan ta haura hekta 750,000, kuma Gadarif ce kan gaba.

Ba za a raina rawar da waɗannan mutane suka taka ba. Sun zuba dukiya a noman da ya dogara ga ruwan sama kaɗai, inda shekara ɗaya ta fari takan karya mutum. Ta dalilinsu Gadarif ta sami babbar kasuwar amfanin gona inda ake gwanjon riɗi, da babban rumbun zamani da Tarayyar Sobiyet ta gina a shekarun 1960, kuma farin riɗin Gadarif ya yi suna a kasuwannin duniya. Sai dai tsarin ya zo da illarsa. Doka ta ce a noma rabin fili a bar rabi ya huta, amma kaɗan ne suka bi. Dawa a kan dawa shekara da shekaru ta gajiyar da ƙasa, ƙuduji, wanda suke kira "buda", ya mamaye ta. Idan gandu ya mutu sai mai shi ya matsa gaba ya sare sabon daji, sau da yawa ba da izini ba. Da haka dazuzzukan dushe da na dakwara mai ba da ƙaro suka ragu, aka toshe burtalin makiyaya, rigima tsakanin manomi da makiyayi ta yawaita.

6.0 Aikin da Tarakta Ba Ta Yi

Sunan "noman inji" yana iya ruɗar wanda bai san yadda ake aikin ba. A tsawon shekarun da Gadarif ta yi suna, aikin tarakta bai wuce biyu ba: ta ja garma mai faya-fayi ta kashe ciyawar farko, sannan ta sake wucewa ta zuba iri. Cire ciyawa, wanda suke kira "kadib", da hannu ake yi. Dawar da aka fi shukawa doguwa ce, don haka da hannu ake yanke zangarniya a tara, sannan a kawo inji ya sussuke. Riɗi kuwa ya fi kowane amfani tsanani, domin idan ya nuna kwanaki kaɗan gare shi kafin kwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa. Dole a yanke shi da lauje cikin gaggawa, a ɗaure dami-dami, a jingine shi tsaye ya bushe, sannan a kakkaɓe. Mai gandun fadan dubu da bai sami masu yanka a wannan mako ba ya yi asarar shekararsa.

Ke nan kowace tarakta da ta shiga daji ƙara bukatar hannu ta yi, ba rage ta ba. A farkon lamari Fallata ne ƙashin bayan wannan ƙwadago, tare da mutanen Darfur da Chadi. Daga baya mutanen Duwatsun Nuba da na kudancin Sudan suka shigo, sannan fari na 1984 zuwa 1985 ya koro Masalit da wasu ƙabilun Darfur masu yawa, waɗanda su ma suka kafa ƙauyuka a bakin Rahad da Atbara. Ana kiran waɗannan 'yan ci-rani "jango". Jinga ake yi da su, a yi cinikin fili ko na yawan dami, su kwana a bukkokin da ake kira "kambo", abincinsu tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi. Marubucin nan ɗan Kasala, Abdul'aziz Baraka Sakin, ya gina wani sanannen littafinsa na ƙagaggen labari na 2009 a kan rayuwarsu. Baya ga wahalar aiki, kudancin Gadarif matattara ce ta cutar kala'azar, mai kumbura saifa, wadda wani ɗan ƙaramin ƙuda da yake zaune a dajin dushe da aduwa yake yaɗawa, kuma ta fi kama baƙon da jikinsa bai saba da ita ba.

Ƙaramin manomi mai 'yar gonarsa a gefen gandu shi ma bai tsira ba. Idan abinci ya ƙare masa da damina, sai ya karɓi bashi a hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai biya da hatsi da kaka a kan farashi mai rahusa. Wannan shi ake kira "shail". Idan aka dubi yadda ake rabon amfanin wannan noma, sai a tuna da karin maganar nan ta Hausawa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

7.0 'Yan Gudun Hijira da Ummu Rakuba

Rukuni na ƙarshe ya fito ne daga gabas. A 1967 dubban mutanen Iritiriya suka tsallako Sudan saboda yaƙin neman 'yanci, kuma daga 1969 aka fara zaunar da su a ƙauyukan Kala'an Nahal. Juyin mulkin Habasha na 1974 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun ƙara koro wasu. Gwamnatin Sudan, tare da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa matsugunai iri biyu. A wasu ana ba kowane gida gona ta fadan 5 zuwa 10. A wasu kuwa ba a ba da gona ko kaɗan, an dai ajiye mutane kusa da manyan gandaye domin su ci abinci da ƙwadago. An kafa matsugunin Ummu Rakuba a shekarun 1970 domin Habashawa, kuma yana cikin waɗanda aka ba gonaki.

Ko a inda aka ba da gonar, fadan goma a ƙasar da ba a hutar da ita ba ya ciyar da gida shekara guda. Dokar ba da mafaka ta 1974 kuma ta hana ɗan gudun hijira mallakar ƙasa. Saboda haka mazan matsugunan suka zama 'yan ƙwadagon da masu gandaye suke samu a kusa, da sauƙin kuɗi, a daidai lokacin kadib da yankan riɗi. A lokacin yunwar 1984 sansanin ya cika ya batse, har da Yahudawan Habasha da ake kira Beta Isra'ila, waɗanda da yawansu suka mutu a wurin saboda cuta da yunwa kafin a kwashe sauran zuwa Isra'ila a ƙarshen 1984 da farkon 1985. Daga baya aka rufe sansanin, sai a 2020 aka sake buɗe shi.

Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, da kuma yadda haƙar zinariya ta janye matasa, masu gandaye sun ƙara dogara ga 'yan ci-rani daga Habasha masu shigowa ta Gallabat, wasu kuma suka koma ga maganin feshi da injinan girbi. Rikicin iyaka na Fashaga, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2020, shi ma a kan wannan baƙar laka ne da wanda zai noma ta.

8.0 Baƙo Ko Ɗan Gari?

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Tarihin Gadarif ya nuna baƙin da ba su bushe da hantsi ba. Shaidar zamansu tana cikin harshen masu masaukinsu. Naman da ake gasawa da ƙuli da yaji, Larabawan Sudan "agashe" suke ce masa, daga Hausa "a gashe". Niƙaƙƙiyar gyaɗa kuma "dakwa" suke kiran ta, kalmar da ta yi daidai da dakuwa. A ɗaya ɓangaren, Hausar Sudan ta cika da kalmomin Larabci, abin da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi nazari a kansa a wani littafi da ya fito a 1999.

Duk da haka, doka ta daɗe tana kallon su a matsayin baƙi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta ɗauki ƙarshen shekarar 1897 a matsayin ma'auni, wato sai wanda kakanninsa suke Sudan kafin wannan lokaci. Wannan ya fitar da mafi yawan waɗanda suka zo bayan Burmi. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa kuwa, da wuya ya sami gandu ko rancen banki. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakin gwamnati, abin da ya sauƙaƙa yanka gandaye a kan gonakin ƙauyuka da makiyaya. An sassauta dokar zama ɗan ƙasa daga baya, kuma jikokin alhazan nan 'yan Sudan ne, cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da masu tarakta. Amma tsohon kallon bai gushe ba. A watan Oktoba 2008 Hausawa sun yi zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwa, har aka rasa rayuka, bayan wata jarida ta danganta wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, maganar cewa su ba 'yan ƙasa ba ne. A watan Yuli 2022 rikici a kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a Jihar Nilu Shuɗi, aka kashe fiye da mutum ɗari, zanga-zanga ta bazu har Gadarif da Kasala. Tambayar da take ƙarƙashin waɗannan rigingimu guda ɗaya ce: shin wanda kakansa ya sare daji yana da haƙƙi a kan ƙasar, ko kuwa har abada aro aka ba shi?

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun rukunonin mutanen da suka mayar da dajin Gadarif ya zama rumbun Sudan. An ga makiyayan Shukuriyya da suka kafa kasuwa, da Takarir ɗin Gallabat masu auduga, da gidan Bakar da ya buɗe wa baƙi ƙofa, da Hausawa da Fulani da Barebari da suka kafa ƙauyuka a bakin koguna, da masu jari da suka kawo tarakta, da jango da 'yan gudun hijira da suka riƙe lauje. An kuma ga cewa ƙasar ba ta taɓa rasa albarka ba, mutane take nema, kuma kusan duk lokacin da ta neme su yaƙi ko fari ko niyyar Hajji ne suka kawo mata su. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Gadarif daga Hartum da Jazira da Sinnar, aka sake kafa rumfuna.

Ga ɗalibin Hausa, wannan tarihi yana nuna cewa labarin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bai ƙare a Burmi ba, ya ci gaba a gonakin da suke da nisan dubban kilomitoci daga Sakkwato. Yana kuma nuna cewa tarihin noma ba ya cika idan an lissafa injuna da fadan da buhuna kaɗai, aka bar waɗanda suka duƙa. Sunayen masu gandaye suna cikin rajistar gwamnati. Na masu lauje kuwa sai a neme su a bakin tsofaffin ƙauyukan Rahad da Atbara, da cikin Hausar da jikokinsu suke yi har yau.